Makullin Ƙofar Baya

Shekara talatin da ɗaya Magagari yana yanka wa mutane makulli a ɗan shagon da ke manne da gidansa, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa yarda da kowa ba. Shi ya sa mutane suka yarda da shi. Sunan ma ba iyayensa suka raɗa masa ba, mutanen layi ne, don bakinsa kamar magagarin da yake goge haƙoran makulli da shi yake, duk abin da ya taɓa sai ya ci.

Yana da wata al'ada ta aiki da ya gada wurin maigidan da ya koya masa sana'a. In ka ce ya yanka maka makulli biyu, to uku zai yanka. Na ukun shi yake kira uwa, ya jefa a gwangwani. Ranar da ka yar da naka ka zo kana zufa, sai ya ce ka zauna, ya zura hannu ya lalubo uwar, ya fitar maka da sabo, ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle kwaɗo ba. Wasu sun san da wannan, suna sa masa albarka. Wasu ba su sani ba, shi kuma bai ga dalilin dogon bayani ba.

Manyan gwangwanayen madara ne guda tara a ƙarƙashin teburin aiki. Ba rubutu, ba alama. Kuma kowane makulli mai rai yana kwance cikin matattu biyar ko shida: na gidajen da aka rushe, na motocin da suka daɗe da zama tarkace, na kwaɗon da tsatsa ta cinye tuntuni. Ɓarawo ko ya kwashe duka tara, sai ya shekara yana gwada ƙofofin mutane bai buɗe ɗaya ba. Magagari kuwa babban yatsansa ne idonsa. Ya shafa haƙora sau ɗaya, ya san gidan.

Abin ya faro ne daga ido. Yanar ido ta rufe masa na dama, aka yi masa aiki, likita ya ce kwana goma ba shago, ba ƙura, ba sunkuyo. Ranar da ya koma asibiti a duba shi, wani malamin makaranta ya yar da makullinsa ya zo neman uwa. Matar Magagari ta zazzage gwangwani tara a tsakar shago, ita da malamin suka yi awa biyu suna tona kamar kaji a juji. Ƙarshe dai ƙofar aka fasa.

Labari ya kai kunnen babbar 'yarsa, wadda take aikin sakatariya a wani ofishi. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Uwata yake ce mata. Ta ɗauki hutun mako guda, ta iso da kwalaye, da sabuwar tsintsiya, da biro mai kauri, da takardu masu gam.

Ya dube ta da idon da ba a ɗaure ba. “Wa ya aiko ki?”

“Haba Baba, sai an aiko ni gidan ubana?”

“Mai zuwa gaida mara lafiya ba ya zuwa da kwali babu komai a ciki. Me za ki ɗiba?”

“Shara. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.”

“Haka duk masu rabawa suke farawa.”

Da cikin gida ta fara. Ta yi tuli uku a tsakar gida: na ajiyewa, na bayarwa, na zubarwa. Fanka uku ta fito da su daga ƙarƙashin gado, ba mai juyi ko ɗaya. Murafen tukwane sha ɗaya da ba a san inda tukwanensu suka nufa ba. Tayar keke, alhali rabon gidan da keke tun kafin a yi mata aure. Takalmi ƙafar hagu, ana jiran ranar da ta dama za ta dawo. Uwarta sai murna take, don a bayan kabad aka tsinto almakashinta da ta shekara bakwai tana zargin maƙwabciya da shi.

Magagari yana kan kujera yana ƙirga duk abin da ya fita. “Yau fanka,” ya ce, “gobe ni.”

“Kai ai kana juyi, Baba. Tulin ajiyewa za mu sa ka.”

A kwana na uku ta shiga shago. Ta san in ta ce ya faɗa mata na wane ne wannan, ba zai faɗa ba ko za a yanka shi. Sai ta ɗauko makulli ɗaya tana jujjuya shi, ta ce, “Baba, wai da gaske ka san su duka? Mai aski ya ce cika baki ne kawai.”

Mai aski maƙwabcin shagonsa ne, wanda in ba kan da zai aske, a bencin Magagari yake yini yana rarraba labarin layi. Yana zaune a wurin, ya ce, “Ni ban ce ƙarya yake ba. Cewa na yi tsufa ya zo.”

“Miƙo nan,” in ji Magagari.

Ya rufe idon da ya rage, ya shafa. “Gidan direban tanka, ƙofar kicin. Miƙo wani. Wannan matacce ne. Wannan na tela ne, durowar da yake ɓoye wa matarsa sigari. Matacce. Matacce. Wannan ɗakin ajiyar gidan burodi.”

Mai aski yana tafi yana cewa, “Kai, tsohon nan aljani ne!” Kan Magagari ya kumbura. Yini guda yana zuba kamar an kunna famfo, sai can da la'asar ya ji ƙarar biro.

“Me kike rubutawa?”

“Abin da kake faɗa.”

Ya miƙe tsaye. Kowane makulli mai rai ta ɗaura masa 'yar takarda da sunan mai shi da ƙofar da yake buɗewa. Ya ce wannan ba gyara ba ne, taswira ce ta zana wa ɓarayi. Ta ce mijinta, wanda kafinta ne, zai kafa allo da ƙusoshi a bango, ranar Asabar kuma ya kawo masa murfi mai kwaɗo.

“Kwaɗo! Ni za ki gaya wa abin da kwaɗo yake tsarewa?”

“To Baba, in Allah ya yi ikonsa a kanka gobe, wa ya san na wane ne? Amanar mutum ɗari biyu tana cikin yatsa ɗaya. Da yatsan za a binne ta?”

Mutumin da aka yanka wa ido kwana shida da suka wuce ba ya musu da maganar mutuwa.

Aka kafa allo a bayan ƙyaure. Kowace ƙusa da sunanta a sama, kowane makulli da takardarsa a wuya. Aka rataya tsohon zanin gado a kai kafin Asabar. Matattun kuwa buhu guda suka cika, mai sayen tsohon ƙarfe ya ɗora a kurarsa ya tura. Magagari ya bi buhun da kallo har ya sha kwana, yana ji kamar ya sallami masu gadinsa gaba ɗaya a rana guda.

Gaskiya dai shagon ya yi kyau. Har taga aka gano a bayan kwalaye.

Ranar Alhamis aka cire masa bandeji, aka ba shi tabarau. Juma'a da safe ya buɗe shago, ya ɗaga zanin don ya ga allon da idonsa biyu. Layi-layi, reras. Ya bi su da yatsa yana haɗa baƙaƙen a hankali, don karatunsa ba mai gudu ba ne. A layi na huɗu yatsan ya faɗa kan ƙusa tsirara.

A samanta an rubuta: Kemis, ƙofar baya.

Ya duba ƙasa. Ya janye tebur. Ya zazzage zanin, ya share shagon da hannunsa, ya tankaɗe sharar. Babu. Ya zauna a kan benci. Ƙofar nan ita ke shiga ɗakin da Mai Kemis yake tara kwalayen magani, har da irin waɗanda 'yan shaye-shaye za su sayar da uwarsu a kansu. Kuma makullin ya fita da takarda a wuya tana faɗin inda za shi.

Mutum huɗu ne suka san abin da ke bayan zanin.

Mai aski ya leƙo da kofin shayi. “Ango da sabon ido! Yau ka gan ni sosai?”

“Na gan ka. Jiya da na tafi asibiti, wa ya zauna a bencin nan?”

“Ni mana. Matarka ta buɗe don iska ta shiga.”

“Kai da wa?”

“Ni da gindina. Lafiya?”

“Wa ka ba labarin allon nan?”

Mai aski ya kurɓi shayi ya daɗe bai haɗiye ba. “Ba wanda na ba. Sai dai ko mutum biyu uku da nake aske su. Yabonka nake yi, wallahi. Cewa na yi layin nan kaf a tafin hannunka yake.”

“Allah ya isa tsakanina da yabonka.”

Da ya ji abin da ya ɓata, mai aski ya ajiye kofin. “To ka je ka faɗa wa Mai Kemis ya canza kuba mana. Meye a ciki?”

Abin da ke ciki shi ne, Mai Kemis yana cikin waɗanda ba su sani ba. Shekara sha ɗaya uwar makullinsa tana gwangwani, shekara sha ɗaya suna gaisawa safe da yamma, bai taɓa faɗa masa ba.

Ya shiga gida. Matarsa tana jera kofuna a sabon kanta.

“Jiya kin bar shago a buɗe.”

“Minti nawa? Ruwa na ɗora na dawo.”

“Kin ɗaga zanin?”

“In ɗaga in yi me? Shekara talatin da biyar ina gidan nan, ko allurarka na taɓa ɗauka?”

“Ƙaninki ya zo jiya?”

Ta juyo da kofi a hannu. “Ka fara ko? An gyara maka ido, saura zuciya. Zato zunubi, Malam, ko da ya zama gaskiya.”

Da hantsi surukin ya zo auna allo don murfi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ciro igiyar awo. Suruki ba a tambayarsa kai tsaye, sai Magagari ya bi ta bayan gida.

“Ƙusa nawa ka kafa?”

“Ɗari biyu da shida, Baba.”

“Makulli nawa aka rataya?”

“Ai ita ta rataya, ni ƙusa ce tawa.”

“Uhm. Kwanan baya na ji ana cewa kana yi wa Mai Kemis kanta a ɗakin baya.”

“E, wata biyu ke nan. Ya ma yaba aikin.”

“Ka ga ɗakin ke nan. Ciki da waje.”

Kafintan ya tsaya da awo a hannu. Ya dubi ƙusar, ya dubi surukinsa, kunnuwansa suka yi zafi. Ya naɗe awon a hankali, ya ce, “A huta lafiya, Baba,” ya fita. Magagari ya rasa gane fitar mai laifi ce ko ta wanda aka ci wa mutunci. Duk biyun tafiyarsu ɗaya.

Ba a yi rabin awa ba sai ga 'yar a fusace.

“Baba, mijina ka kira ɓarawo?”

“Ƙusa na tambaye shi.”

“Wataƙila ma ban rataya shi ba! Wataƙila ya faɗa buhun matattu da muna kwashewa.”

“Wataƙila. Kin tuna kin rataya, ko kin tuna ba ki rataya ba?”

“Ɗari biyu da shida ne, Baba. Ban tuna ba.”

“To kin gani, Uwata. Da a gwangwani yake, ko ya ɓata ƙarfe ne ya ɓata. Yanzu ƙofa ce ta ɓata.”

“Da a gwangwani yake, ko ya shekara da ɓata ba za ka sani ba.”

Wannan ma gaskiya ce, kuma ba ta yi masa daɗi ba.

Ya je wurin mai tsohon ƙarfe, aka ce buhun ya bi babbar mota tun jiya. Mutumin yana magana yana kallon gefe, amma Magagari ya lura idonsa ɗaya dama a karkace yake. Yau kowa ya yi masa kama da ɓarawo, har akuyar da ke bakin hanya.

Rana ta yi tsaka. In dai makullin yana hannun mutum, ba zai jira mako ba. Magagari ya ɗauki sabuwar kuba mai tsada daga kanta, ya sa a jakar aiki, ya shirya ƙaryarsa a hanya.

Mai Kemis yana bayan kanta yana jera kwalabe. “A'a, Magagari! Ido ya yi kyau? Zo in ga aikin likita.”

“Ya yi. Shi ya sa ma na zo. Da nake wucewa na hango kubar ƙofarka ta baya, ta tsufa. Na kawo sabuwa in sa maka.”

“Nawa?”

“Kyauta.”

Mai Kemis ya ajiye kwalbar da ke hannunsa. “Kyauta? Kai? Shekara ashirin ko ƙusa ba ka taɓa ba ni kyauta ba. Kuma ƙofar bayana a lungu take, ba hanyar kowa ba ce. Me ya kai ka can?”

“Rigakafi ya fi magani. Kai ya kamata ka fi kowa sani.”

“Na sani. Na kuma san ruwa ba ya tsami banza. Me ka ji?”

Magagari ya dubi jakar, ya dubi mutumin. Yana iya cewa ya ji ƙishin-ƙishin ɓarayi a layi, a sa kuba, magana ta mutu. Amma bakin da ya saba cin mutane bai iya lanƙwasa ba. Ya faɗi komai tsaye: uwa, gwangwani, allo, ƙusa.

Mai Kemis bai yi ihu ba. Da ma ya yi. Ya cire tabaransa ya goge, ya mayar.

“Tun yaushe yake hannunka?”

“Tun ranar da na sa maka kubar.”

“Shekara sha ɗaya.”

“Ba wanda ya taɓa shi. Na rantse da wanda raina ke hannunsa.”

“Shekara huɗu da suka wuce kwali shida suka fita ta ƙofar nan, ba a fasa komai ba. Makulli biyu na sani a duniya, nawa da na ƙanena. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ya rantse mini kamar yadda ka rantse yanzu, har da kuka. Na ce makulli ba ya tafiya da ƙafarsa. Tun ranar ba mu sake magana ba. Uwarmu ta rasu ba mu shirya ba.”

Magagari ya ce, “Ba ni ba ne.”

“Ban ce kai ne ba. Cewa nake, da na san uku ne, da ban yanke hukunci a kan biyu ba. Ka ji labarin a lokacin, layin nan ba wanda bai ji ba. Ka yi shiru.”

“Na san nawa yana gwangwani.”

“Ka sani? Yau ma ai ka san yana kan ƙusa.” Ya tura jakar da yatsa ɗaya zuwa bakin kanta. “Ɗauki kubarka. Zan kira mai yankan makulli na bakin kasuwa ya sa mini.”

“Wancan? Ko makullin akwati bai iya ba!”

“Bai iya ba. Amma biyu nake ce masa, biyu yake yankawa.”

Magagari ya dawo shago bai kula mai aski ba. Ya yaye zanin, ya fara zare makullai yana zubawa a jaka. 'Yar tana tsaye a bakin ƙofa, idonta ya yi ja.

“Baba, ni na jawo. Bari in cire takardun, mu mayar gwangwani.”

“Bar su. Yau ne takardunki za su yi amfani. Ɗauko biro ki bi ni, duk wanda na ba nasa ki soke.”

“Duka? Za su yi ta magana.”

“Kafin la'asar mai aski ya gama yi musu ita. Gara su ji daga bakina.”

Kwana uku suna bin ƙofofi. Direban tanka ya yi dariya ya ce ya riƙe abinsa, shi kullum cikin yar da makulli yake; Magagari ya ce a'a, ya danƙa masa. Tela ya karɓa da sauri ya cusa a aljihu kafin matarsa ta fito. Wata tsohuwa ta sa masa albarka. Amma da yawa sai su karɓa, su juya makullin, su karanta takardar, sannan su ɗago su dube shi, kuma yana ganin lissafin da suke yi a ka: wace shekara ce agogon nan ya ɓata, yaushe ne aka nemi sarƙar nan aka rasa. Ya san kallon sarai. Nasa ne, shekara talatin da ɗaya yana yi wa mutane shi.

Makullin kemis bai fito ba. Ba a kuma taɓa ƙofar ba, don an canza kuba a ranar. Surukin bai kawo murfi ba, ba a kuma tambaye shi ba. Yana zuwa gaisuwa, amma daga bakin ƙofa yake tsayawa.

Aiki ya ja baya. Sai ranar Laraba wata mata mai sayar da yadi ta zo, wadda ya shekara goma yana yi wa aiki. Da can ajiye makulli take ta tafi kasuwa ta dawo. Yau ta ja benci ta zauna dab da injin.

“Guda biyu, Baba. Zan jira.”

Ya ɗauko ɗanyen makulli biyu, ya ɗaga mata su ta gani, ya ɗaura na farko. Injin ya yi ƙara, garin ƙarfe ya zuba. Ya goge haƙoran, ya yi na biyu, ya miƙa mata uku har da nata.

Ta ƙirga. Ba ta tashi ba. Idonta yana kan hannunsa na hagu, wanda ke dunƙule a kan tebur.

Da Magagarin da can ne, da ya wanke ta tas, ya ce ta kwashi tsiyarta ta kai wa na bakin kasuwa. Ya ji maganar ta taso har bakin haƙoransa. Ya haɗiye ta. Ya buɗe hannun a hankali, ya juya shi ciki da baya, ya buɗe ɗayan ma.

“To,” ta ce, ta ɗaure makullanta a bakin gyale. “Sati mai zuwa zan kawo na shago.”